Mijin Nas

Mamuda makanike ne. Injin jirgin ruwa yake gyarawa a bakin kwatar Wara, ƙarƙashin wata rumfar kwano da iska ta sha ɗagawa. Bokonsa bai wuce aji uku ba. Amma in ka zo kwatar ka tambayi Mamuda makanike, sai an tsaya ana tunani. Ka ce Mijin Nas, kowa zai nuna maka.

Matarsa Aminatu ta yi shekara ashirin da biyu tana aikin jinya. Damina biyu ke nan da rasuwarta. Da aka zo rabon kayanta, kowa ya ɗauki abin da ya hau kansa, shi kuwa ya riƙe wayarta da layin da ke ciki. Ba wanda ya tambaye shi.

A cikin wayar akwai wani guruf, zauren hira na manyan nas-nas, waɗanda suka haura shekara goma a bakin aiki. Sun fi mutum ɗari biyu, daga Yawuri da Shanga da Ngaski har Birnin Kebbi. Da Aminatu ta rasu sun yi kwana uku suna ta'aziyya, daga nan suka koma harkarsu, suka manta da lambarta a ciki.

Turancin da suke rubutawa ya fi ƙarfin Mamuda. Saƙon murya shi ne nasa. In aka sauko daga azahar, aiki ya lafa, sai ya goge hannu da tsumma, ya zauna kan wani mataccen inji ya kara wayar a kunne. Da farko ba ilmi ya kai shi ba. Matan nan irin maganar Aminatu suke yi, gajiya iri ɗaya, dariya iri ɗaya, mitar rashin safar hannu iri ɗaya. Sai ya ji kamar ta dawo daga aiki tana cire takalmi a ƙofar ɗaki.

A hankali kuma abu ya fara maƙalewa a kansa. Ya san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Ya san ba kowane zazzaɓi ke son allura ba. Masunta suka fara kawo masa inji su haɗa da tambayar ciwon baya, yana ba su amsa, wani lokaci kuma a dace. A faɗi gaskiya, daɗin girman nan yake ji. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya a guruf ɗin ba. Yana nan dai kamar kifi ƙarƙashin jirgi, yana jin duk abin da ake faɗi a sama.

Ran wata Talata wata nas mai suna Zulai'atu ta sa hoton ƙafa. Ba fuska, ba suna, ƙafar hagu ce kawai a kan farar leda, ta kumbura tana ƙyalli, ga rami a tafin yana ruwa. Ta biyo da murya.

"Manyana, ku taimaka min da shawara. Masunci ne, ƙayar kifin ƙurungu ta soke shi mako uku da suka wuce. Ina wankewa duk bayan kwana biyu, na ba da magani na canza, an gwada sukari babu. Ya rantse min ba ya sa komai, ba ya shiga ruwa. Amma kullum ciwon gaba yake yi. Ni dai na rasa ta inda nake kuskure."

Mamuda ya buɗe hoton da yatsu biyu. Ƙafar ba ta da ƙaramin yatsa, kuma akwai tsohon tabo da ya karkata daga nan har idon sawu.

Ya san tabon. Yana cikin jirgin ranar da farfela ta yi shi, shekara talatin baya. Shi ya yage rigarsa ya ɗaure wurin. Ƙafar Ishaya ce, abokinsa tun suna wanka tsirara a tafki.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wata ta ce a canza maganin, wata ta ce a yi hoton ƙashi. Can sai shugabar guruf ɗin ta yi magana, Metiron Tamada, tsohuwar da ta yi ritaya a Yelwa, wadda in ta buɗe baki kowa ke yin shiru.

"Zulai, in har abin da ya faɗa miki gaskiya ne, to ciwon ya kai ƙashi. Ki duba ran Jumma'a. In bai sauya ba ki tura shi babban asibiti, kuma ki fara shirya masa zuciya. Irin wannan ƙafa wani lokaci ba a dawowa da ita."

Mamuda ya ajiye wayar. Idonsa ya faɗa kan jarkar baƙin mai da ke gefen rumfa, wanda yake tsiyayewa daga injuna. Masunta kan ɗiba su shafe katakon jirgi. Kwana goma da suka wuce Ishaya ya zo yana ɗingishi da gorar ruwa yankakkiya, ya ce a sam masa. Mamuda da kansa ya zuba masa. Bai tambaye shi ba, don ya san amsar. Tun kakanni ake cewa baƙin mai yana kashe dafin ƙaya, shi ma ya taɓa shafawa.

Bai jira la'asar ba. Ya rufe akwatin sifanu ya bi gaɓa har unguwar su Ishaya. Ya same shi ƙarƙashin mangwaro yana ɗinkin gura, tarkon kifinsa, ƙafar na miƙe kan turmi. Bandejin ya yi baƙi ƙirin, ga leda a gefe tana ɗigar ruwa.

"A'a, Mijin Nas da kanshi!" in ji Ishaya. "Injunan gari sun ƙare ne?"

"Ka shiga ruwa yau."

"To gurata ta ɗaga kanta? Leda nika ɗaurawa, ruwa ba ya shiga."

"Ga ledar nan tana hawaye, kana ce min ba ya shiga. Kuma man nan da na ba ka, jirgi ka shafa wa ko ƙafa?"

Ishaya ya yi dariya. "Duka biyun tsofaffin katako ne."

"Ita nas ɗin ta sani?"

"Mi za ta sani? Ran zuwa asibiti matata Hannah ta wanke min da sabulu tas, in ɗaura sabon bandeji. Yarinyar ga tana da kirki, ba ni son ɓata mata rai. Nata na aiki, nawa na aiki."

"Yanke ƙafar za a yi, Ishaya. Ran Jumma'a za ta tura ka babban asibiti."

Ishaya ya dakata da allurar a hannu. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya faɗa maka Jumma'a? Ni ba ta ce min ba."

Mamuda ya kau da kai.

"Ka gani? Ƙarya kaka yi don ka tsorata ni. Kai fa ba nas ba ne, mijin nas ne. Mijin ungozoma bai taɓa karɓar haihuwa ba. Je ka wanke fulogi, ka bar min ƙafata."

Ya sake gwadawa, har da rantsuwa. Ishaya ya koma ɗinkinsa yana fito. Mamuda ya san shi sarai. In ba farar riga ce ta ritsa shi da gaskiya ba, ko limami da fasto sun haɗu ba zai ji ba.

A hanyar dawowa ya yi ta juya abin. Zai iya zuwa asibitin ya sami Zulai'atu ya ce ya ga abokinsa yana shafa mai, ba sai ya ambaci waya ba. Har ya karkata wajen 'yan acaɓa, sai ya tsaya. In ya yi haka ƙafar za ta tsira, shi kuma gobe ya koma kan mataccen injinsa ya ci gaba da laɓe. Sai tambayar Ishaya ta dawo masa. Wa ya faɗa maka? Mai ƙafa bai san ranarsa ba, shi da ba kowa ba ya sani.

Kuma ba wannan ne na fari ba. Bara an sa labarin wata mata mai ciwon da ba a faɗi a fili, ba suna, amma an faɗi ƙauye da yawan haihuwarta. Mamuda ya gane ta. Mijinta kan kawo masa inji. Tun ranar bai ƙara iya kallon mutumin ido cikin ido ba, shi kuwa bawan Allah bai san dalili ba.

Ya isa rumfa, ya zauna, ya danna alamar murya. Ya sake ta ba tare da ya ce komai ba. Ya sake dannawa.

"Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da jin muryar namiji a layin ga. Sunana Mamuda, ni ne mijin marigayiya Aminatu ta Wara. Ni ba nas ba ne, makanike ne. Shekara biyu ina jin ku, ban faɗa ba. Sista Zulai'atu, ba ke ke kuskure ba. Mai ƙafar ga na san shi. Kullum da safe shina shiga ruwa, kuma baƙin man inji shika shafawa, ya wanke ran da za shi zo wurinki. Ni na ba shi man da hannuna. In kina shakka ki je gidanshi ranar da ba ta wanki ba. Abin da ke gare ni ke nan."

Ya tura. Ya kifa wayar a kan benci, ya jawo wata kafireta ya fara kwancewa, ko da yake ba abin da ya same ta.

Wayar ta yi ta ƙara kamar an taɓa gidan rina. Da ya gaji ya ɗaga ya saurari kaɗan. Wata tana salati, ta ce da ta ga sunan Aminatu ya fito sai da wayar ta kusa suɓuce mata. Wata tana faɗa, wai shekara biyu ƙato na zaune cikinsu yana kallon tsiraicin marasa lafiya. Wani nas namiji ya ce a yi masa adalci, ai ya ceci ƙafa. Zulai'atu kuwa cewa kawai ta yi, "Baƙin mai! Wallahi na sha jin wari, na ɗauka na jirgi ne."

Bayan la'asar kira ya shigo.

"Malam Mamuda? Tamada ce."

"Ranki ya daɗe, Mama."

"Na gode da abin da ka faɗa. Da mun tura mutum a duba yanka alhali matsalar tana cikin jarka. Zulai za ta je gidansa gobe da sassafe."

"Alhamdu lillahi."

"Kuma zan fitar da kai yanzu."

"Na sani."

"Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Ni ya kamata in cire lambar tun ran addu'ar uku, na gani na kasa. Ni na koya wa Aminatu ɗaura ruwa." Sai ta ce, "Amma ka ga yadda ka gane ƙafar nan? Haka za ka gane wasu. Mutanen nan mu suka buɗe wa jikinsu, ba maƙwabcinsu ba. Mu ma dole mu gyara yadda muke sa hotuna. Ka faɗa min, ita ta taɓa kawo maka labarin mara lafiya gida?"

Mamuda ya tuna. Shekara ashirin da biyu, in ya tambaye ta wa aka kwantar, sai ta ce, "Wani bawan Allah." Ko ƙanwarsa ce.

"Ko sau ɗaya," ya ce.

"To ka goge hotunan mutane. Tsofaffin muryoyinta suna nan sama, waɗannan naka ne, ba wanda zai taɓa maka."

Kafin ya mayar da wayar aljihu an cire shi. Ya zauna ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Na ƙafar Ishaya ne na ƙarshe.

Washegari Zulai'atu ta ritsa Ishaya yana fitowa daga ruwa da leda a ƙafa. Abin da ta faɗa masa, Hannah ta ce ko ita da ta haifa masa bakwai ba ta taɓa faɗa ba. Aka kwantar da shi kwana tara. Yatsan da ke kusa da guntun ya riga ya mutu, aka cire. Ƙafar ta tsira.

Ishaya ya yi wata guda ba ya gaisa da Mamuda. A cikin watan nan wani masunci mai suna Usman ya kawo inji, ya ce, "Mijin Nas, cikina ke murɗawa kwana uku, mi zan sha?"

"Ajiye injin," in ji Mamuda. "Cikin kuma ka kai shi asibiti."

Ran kasuwar Wara sai ga Ishaya da sanda, ƙafar cikin farin bandeji da safa a kai. Bai yi sallama ba. Ya ture tsummoki ya zauna kan mataccen injin nan, ya miƙe ƙafa.

"Munafuki," ya ce. "Yatsa guda ka ci min muna yara, yanzu ka ƙara guda."

"Na farko farfela ce."

"Wa ke riƙe da injin?"

Mamuda ya jawo kofi. Ya zuba shayi daga fulas ya miƙa masa. Ishaya ya kurɓa, ya ɓata fuska don ƙarancin sukari, ya dubi jarkar baƙin man da ke gefe. An ɗaure bakinta da waya, an murɗe da filaya.

"Jirgina na yoyo," ya ce.

"Kawo shi nan. Ni zan shafa."