Saje Ya Shiga Ta Ƙofar Gaba

Saje yana da doka guda wadda duk barikin ya sani: ba ya sa yaro abin da shi bai fara yi ba. In rigakafi aka zo yi, shi ke fara naɗe hannun riga. In kogi za a ƙetare, takalminsa ke fara jiƙewa. Shi ya sa ake tsoronsa ake kuma binsa, a bayan idonsa kuwa Dutse ake ce masa. Ya san da sunan, kuma ya fi ƙaunarsa a kan igiyoyin da ke hannun rigarsa.

Sai aka turo wata likita, kyaftin ce, ta binciki halin da sojoji suke ciki tun dawowarsu daga fagen daga: barcinsu, fushinsu, abin da suke sha, zamansu da iyali. Aka ba ta ɗaki a gefen asibitin bariki, ƙofarsa na kallon filin fareti. Ta jera kujeru ta zauna. Ba wanda ya leƙo sai ƙudaje. Yaran Saje sun riga sun raɗa wa ɗakin suna: garejin waɗanda notinsu ya kwance. Wanda ya fi kowa yayata sunan wani Kofur ne mai bakin tsiya, wanda matarsa ta kwashe yara ta tafi bayan ya farfasa ƙofar ɗakinsu ba gaira ba dalili.

Saje ya je ya tsaya daga bakin taga, don bai yarda a gan shi a ciki ba, ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, ba ni izini in kaɗo miki su. Kafin ki ƙifta ido sun cika ɗakin nan."

"A'a, Saje. Wannan aikin ba ya son dole. Wanda aka kaɗo, lafiya lau zai ce min ya fita. In ba wanda ya zo da ƙafarsa, zan tattara in tafi, manya su ce ba abin da ke damun kowa, ba kuma za a turo muku mai magani ba." Ta sassauta murya. "Na sa an buɗe ƙofar baya, ta wajen shanyar asibiti. Ba wanda zai ga mai shiga."

Ya koma gida cin abincin rana. Ya zauna inda ya saba, baya a jikin bango, fuska na kallon ƙofa. Yana kai loma, murfin tukunya ya suɓuce wa matarsa a kicin. Kafin ƙarar ta mutu Saje yana ƙasa a kwance, hannunsa na laluben bindigar da ba ta nan.

Matar ta leƙo. Ba ta yi salati ba, ta saba. Ita ce ta ɗaure tsumma a kowace ƙofa ta gidan don kada ta bugu, ita ce ta hana yara fasa balan-balan.

"Tashi, Baban yara, miya za ta huce. Murfi ne."

"Na san murfi ne. Cokalina ne ya faɗi."

"Cokalinka na hannunka." Ta aje masa ruwa. "An ce an kawo likitar irin wannan abin."

"Ta yarana sojoji ce."

"To ai kai ka ce ba ka sa yaro abin da ba ka fara yi ba. Ko dokar ta allura ce kawai?"

Maganar ta soke shi. Ciwon da aka ɓoye ba ya warkewa, ruɓa yake yi, kuma Saje ya sani. Amma in ya shiga ɗakin nan, wa zai sake ƙamewa in Dutse ya daka tsawa? Ya tuna da ƙofar baya. Ita ce mai sauƙi. Sai dai in ya bi ta can, ya yi wa kansa magani ya bar yaransa a rana, ya kuma koya musu cewa abin kunya ne.

"Goge min kakin fareti," ya ce.

Washegari da hantsi, lokacin da aka sallami sahun fareti kowa na zaune a inuwa, Saje ya fito. Kaki ya sha guga, takalmi sai ɗaukar ido. Ya ratsa tsakiyar fili da takun fareti, ƙasa na amsawa. Hira ta tsaya cak. Ya wuce taga, ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba da ƙarfi yadda na nesa zai ji.

"Ranki ya daɗe, na zo da ƙafata. Ba na barci, kuma murfin tukunya na kayar da ni."

Likita ta miƙe tsaye, ta nuna masa kujera, ta rufe ƙofa. Abin da suka faɗa a ciki nasu ne.

Ya daɗe kafin ya fito. Idanu duk suna kansa, ana jira a ga ko Dutse ya zama gari. Ya tsaya a gaban Kofur, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kofur! Wannan takalmi ne ko ƙafar jaki?"

Kofur ya zabura ya ƙame, har hularsa na rawa. "Takalmi ne, Saje!"

"Ka goge shi kafin azahar."

"An gama, Saje!" Sai muryarsa ta yi ƙasa. "Saje, can ciki fa... da zafi?"

"Bai kai allura ba. Kuma ba oda nake ba ka ba. Wannan ba a ba da oda a kansa."

Saje ya juya ya nufi gida bai waiwaya ba. Matarsa na tsaye a bakin layin gidajensu, ta riƙe ƙugu, tana kallon abin da ke bayansa.

"Mutumin naka ya tashi," ta ce. "Yana goge takalmi da bayan wando. Ga shi can ya doshi ɗakin."

"Ta wace ƙofa?"

"Ta gaba mana. Ka taɓa ganin yaronka ya bi inda ba ka bi ba?"

Saje ya gyara zaman hularsa, ya shiga gida da kai a sama.