Sunan da Dela Ba Ta Faɗa

Adawiyya ce ta yi wa gidan likita manhajar rigakafin yara, aikinta na farko tun dawowarta Dakoro daga karatu. Sai ga Majo Harouna, shugaban ma'aikatan jinya, ya kira ta yana huci. Yaro ɗaya ya zama huɗu a cikin ordinatar, wato kwamfuta, saura ƙiris a maimaita masa allura.

"In wata ya mutu ba ki gyara ba, takarda za mu koma," in ji shi. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai.

Yaron ɗan fari ne wurin Dela, wata mata daga Korahane. To, wa ya taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari? Ko za a yanka ta, ba ta faɗa. Yau ta ce Ɗan Baba, gobe Na Inna, jibi maƙwabciya ta ara mata wani. Ita kuwa na'ura, sarkin biyayya, duk sabon suna sai ta buɗe masa layi, ta laƙa masa lambar da ta ƙirga da kanta, teburin allurai, wato jerin alluran da aka yi wa kowane yaro, ya bi lambar.

Majo ya ce a tilasta wa mata faɗin suna. Adawiyya ta yi dariya, don ita ma ƴar fari ce, har yau "ke wannan" take a bakin innarta.

Rumfar dukawa ta nufa, aka yanko mata ƴan fatu masu igiya kamar kambu, kowace da lambarta. Ta hana na'ura ƙirga tata lambar. Ta mai da lambar fata mabuɗin teburin yara, wato da ita na'ura za ta gane kowane yaro, ta ɗaura teburin allurai a kanta. Ran kasuwa aka ɗaura wa yara fatun, ta haɗe huɗun nan wuri guda.

Da Dela ta komo allura ta gaba, Majo ya gwada ta: "Mi sunanshi?"

Dela ta sunkuyar da kai, ta miƙo hannun yaron. Adawiyya ta buga lambar, ga yaro ɗaya rak, ga alluransa a jere, ba wadda ta ɓace.

Majo ya sosa ƙeya. "Malama, a yanko mana wasu fatun, har da na gidan likitan Kornaka."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Innarta na tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ke wannan," ta ce, "na ji an ce kin fid da mu kunya."