Jegon Baba Nababa

"A gaya wa mai jego ruwan wanka ya tafasa!" in ji Bala mahauci, yana leƙa zauren Baba Nababa.

Muka yi dariya. Daga ciki muka ji muryar tsohon: "Bala, in na hito sai ka gaya mini wa ya haihe ka."

Amma bai fito ba. Ranar kwanansa goma sha tara da dawowa daga Indiya.

Mu biyar ne muke ciyayya a ƙofar gidana a Anka. Bayan Magariba kowa ya kawo kwanonsa, a zauna a tabarma ɗaya. Baba Nababa ne babbanmu. Shekara huɗu da suka wuce hannunsa ya soma rawa. Wata rana loma ta kuɓuce masa, miyar kuka ta ɓata wa wani baƙo riga. Tun daga ranar ya koma ci shi kaɗai a ɗaki. Abin ya dame mu, shi kuma ya fi mu damuwa.

Ɗansa Khalilu ne ya kai shi asibiti can. Likitoci suka aske masa kai, suka sa shi cikin na'ura, suka tara sautin da kunne ba ya ji a wuri ɗaya cikin ƙwaƙwalwarsa, suka ƙone ɗigon da ke kawo rawar. Hannun dama ya tsaya cak. Muka shirya tarbarsa a tabarma, sai ga shi ya naɗe kai da rawani biyu, ya shige ɗaki, ya ce sai ya yi arba'in.

Da yake ni ke koyar da kimiyya a sakandare, matarsa Inna Sahura ta aiko a kira ni.

Na same shi zaune, taga a toshe da tsumma.

"Malam Hayatu, kai ka yi boko," ya ce. "Likita ya ce akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ya ce aikin ga yana buɗe shi kaɗan. Ƙarya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Kamar darni yake. Abinci ya wuce, dafi ya tsaya a waje."

"To, a Yargalma mi ya hana shi tsayawa?"

Shi ne mai injin niƙa a ƙauyen Yargalma shekarar da dalma ta kashe yara. A injinsa aka niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalmar. Jikokinsa biyu na cikin waɗanda aka rufe.

"Ƙurar nan ni na fi kowa shaƙa," ya ce. "Har yau ana daka dutse a garin ga. In na hito da darnina a buɗe?"

Na karɓi takardar asibitin, na karanta masa layi-layi, ina fassarawa. Na ce dalma ba ta jiran a buɗe mata, musamman a kan yara ƙanana, wannan wani abu ne daban. Shi kuwa nasa, wurin da ya buɗe ɗan mitsitsi ne, kuma hoton da suka ɗauka kafin su sallame shi ya nuna ya rufe.

"Sun gani da idonsu?"

"Ga shi a rubuce."

"Ciwon da aka yi a cikin kai, a ce ya riga kaciya warkewa?"

Sai da na yi masa kwana uku ina zuwa. A na ukun na ce, "Baba, shekara huɗu muna jira. Kusan kwana ashirin ɗin nan da suka rage, wa ya ba ka tabbacinsu?"

Ya dube ni, ya dubi hannunsa.

Da Magariba sai ga shi, rawani ɗaya a kai, ya riƙo kwanonsa da kansa. Hagun na ta rawarsa, ya danne shi ƙarƙashin cinya. Ya wanke dama, ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwo, ya dangwali miya. Duk muka yi kamar ba ma kallo. Lomar ta isa baki, ko ɗigo bai zuba ba.

"Barka da arziki, mai jego," Bala ya ce. "Mi anka samu?"

"An samu ubanka. Miƙo naman nan."

Kwana goma sha ɗaya ya ci tare da mu. A na sha biyu, bayan sallar Azahar, ya ce wa Inna Sahura ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a samo babur ya cika. Khalilu ya ce zuciya ce, dama an daɗe da gaya wa tsohon.

Muka kai shi makwancinsa bayan La'asar. Da Magariba matata ta fito da tuwo, muka zauna mu huɗu. Kowa ya ci daga gabansa. Da na ɗaga kwanon zan mayar ciki, gefe ɗaya na malmalar, wanda Baba ya saba ci, yana nan da sulɓinsa, miya ta kwanta a gindinsa.