Gorar Malsun a Bakin Teku

Shekara arba'in da uku Pansok yana cin kawar laka, 'yar halittar nan mai ɓawo da ke binne kanta a lakar bakin teku, bai taɓa ciro ko ɗaya da hannunsa ba. A ƙauyensu jirgin ruwa na maza ne, laka ta mata. In teku ya janye ya bar baƙin fili har iyakar gani, sai matan su ɗora gwiwa ɗaya a kan dogon katako, su riƙa tura laka da ɗaya ƙafar, su sulale su tafi. Matarsa Malsun ta fi kowa yin nisa. Bana kuwa tana kwance a asibitin birni, an sa mata ƙarfe a ƙugu.

Gobe ne za a buɗe laka, kowa ya shiga ya haƙa. Al'adar ƙauyen ita ce, duk wurin da aka kafa wa gora mai jan ƙyalle kafin ranar, ba mai taɓa shi sai baɗi. Malsun tana da irin wannan wuri can ciki, inda ta bar tsofaffin kawa shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Guguwar kaka ta tafi da gorarta. In ba a kafa wata yau ba, gobe mata talatin za su bi ta kai su kwashe tas.

Shi ya sa da hantsi aka ga tsoho ya sa wandon roba har ƙirji, ya ɗaure gora a katakon matarsa. Maƙwabciyarsu Kumne, wadda ke kiran Malsun Yaya tun suna amare, ita ta yarda ta raka shi.

"Mijin Yaya, me kake nema a bayan katakon? Ba shi da inji. Ƙafarka ce injin."

"Na tuƙa jirgi har tekun tsibirin Jeju, ke."

"To ga shi katako ya tuƙa ka. Ɗaga gindi, tura."

Ya tura, ya kife, ya tashi da laka har a gira. Sai a karo na huɗu katakon ya yarda da shi.

Kwatancen da Malsun ta ba shi mai sauƙi ne: ya yi ta tafiya har rufin cocin ƙauye ya zauna daidai a tsagar dutsen da ke bayansa. Amma ba su yi rabin tafiya ba hazon teku ya sauko, fari, mai ɗumi, ya shafe coci da dutse. Sama da ƙasa suka zama abu ɗaya.

"Ke fa, ba ki san wurin ba?"

"Gora na sani, ban san wuri ba. Laka ba ta da kwana, ba ta da bishiya."

Suka ci gaba a hankali. Ba abin da ake ji sai tsotson laka a ƙarƙashin katako da ƙananan ƙaguwa suna ɓuya. Pansok ya ji kamar ba tafiya yake ba, shawagi yake. Maganganun Malsun suka riƙa dawo masa, waɗanda takan yi tana wanke kawa shi yana gyangyaɗi. Wai ɗan kawa da farko ƙura ce kawai a cikin ruwa, ba gida, ba nauyi, igiyar ruwa na yawo da shi mako biyu ko uku. Rana ɗaya sai ya ji ɓawo ya yi masa nauyi, ya sauka, ya sa 'yar ƙafarsa guda ya tona. Kowace shekara ya ƙara nitsewa, wuyansa ya ƙara tsawo, yana miƙo shi sama da hanci biyu, ɗaya na shan ruwa ɗaya na fitarwa. Daga nan ba ya sake ganin ko'ina. Teku ne ke zuwa wurinsa sau biyu a rana, ya kawo masa abinci, ya koma. Pansok ya duba lakar da ke wucewa ƙarƙashinsa, duk 'yan ramuka, ya ga ashe a kan rufin gari yake tafiya, dubban masu gida suna ƙasa a tsaye cikin duhu suna jiran ruwa.

"Barci kake?" in ji Kumne. "Saura awa ɗaya ruwa ya juyo. Kira Yaya."

Ya ciro waya daga leda. Muryar Malsun ta fito ƙarama, kamar daga cikin tulu.

"Tsoho, ka ci abinci?"

"Ina cikin laka. Hazo ya rufe cocinki."

"Kai ne a kan katakona? Wayyo katakona." Ta yi dariya har ta yi tari. "Kun haye ƙaramin rafi?"

"Yanzu muka haye."

"To kun kusa. Ka bi hannun hagu, kana tafiya kana marin laka da tafin hannu. Yaran kawa shiru za su yi. Tsofaffi ba sa son a dame su, za su tofa maka."

Haka ya yi. Tura, mari, saurare. Tura, mari, saurare. Kafaɗarsa ta fara zafi, Kumne na binsa tana cewa ko garin shinkafa ake kwaɓawa da an gama. Wani sanyi ya fara tasowa daga gefen teku, wanda duk mai jirgi ya san ma'anarsa: ruwa ya kusa dawowa.

Ya sake mari, sai wani siririn ruwa ya yi tsalle ya same shi a haɓa. Wani ya tashi a gefensa, wani can gaba, har wurin ya cika da zaren ruwa suna tashi suna faɗuwa cikin hazo ba ƙara. Ya daɗe yana kallo, baki buɗe.

Sannan ya zura hannu cikin rami har kafaɗa. Yatsunsa suka taɓa ɓawo mai faɗin tafin hannu, mai layi-layi.

"Bari in ciro ɗaya in kai mata ta gani."

Kumne ta riƙe masa gwiwar hannu. "Kul. Yaro in ka ciro shi ya sake tonawa ya shige. Wannan ƙafarta ta ƙanƙance, jikin ya yi nauyi. In ta fito ta fito ke nan, tsuntsaye ne za su gode maka."

Ya saki a hankali, ya zaro hannu, ya shafe bakin ramin. Su biyu suka danna gorar har ta kai rabi, ya ɗaure jan ƙyallen da ƙullin masu jirgi.

Wayar tana nan a kan katako, ba a kashe ba.

"An kafa," ya ce.

"Yaya faɗin ramukan?"

"Babban yatsana na shiga, har da saura."

Ruwan farko ya iso, siriri, ya zagaye gindin gorar.

"Sun ƙara girma," in ji Malsun. "Maza ku fito. Kuma ka wanke mini katako kafin ka jingine shi."