Tsohon Tampol Ɗin Makhni

Ɗanmu Sattar, da ke tuƙin mota a Jammu, shi ya aiko mana da tantin. Ja ne, har da zif da 'yar taga. Na kafa shi sau uku a tsakar gida don maƙwabta su gani, ba zan ɓoye ba.

Ranar da za mu hau dutse da awaki, dokinmu ɗaya ne, kuma kaya sun yi masa yawa. Ga gari, ga gishiri, ga tukwane. Dole a bar ɗaya, ko tanti ko tsohon tampol ɗinmu mai faci bakwai.

"Maigida, 'yan awaki ashirin da uku aka haifa makon nan," in ji matata Makhni. "In ruwa ya taɓa su, sanyi zai kashe su. A ina za ka zuba su? A tagar?"

"Shekara talatin a ƙarƙashin tampol ɗin nan iska na shiga mini ta wuya tana fita ta ƙafa," na ce. "Ki bar tsumman nan."

"To, mai zif."

Ta tafi ɗaura wa doki kaya, ni kuwa na ɗauka na yi nasara.

Kwana na huɗu, da azahar, muna gab da mashigin dutse sai sama ta yi baƙi. Ƙanƙara ta fara zuba kamar tsakuwa. Na zazzage tantin da sauri, turakunsa suka ƙi shiga dutse, biyu suka lanƙwashe. Da ƙyar ya tsaya, na cusa 'yan awaki shida, wuri ya cika. Sauran suna waje suna kuka, ƙafafunsu na karkarwa. Garkenmu na baɗi ke nan, kuma da hannuna na jefa su cikin wannan hali.

"Daina kallona, zo ka riƙe dokin!" Makhni ta daka mini tsawa.

Ta kwance igiya, kaya suka zube. A bayan dokin, inda muka saba shimfiɗa bargo don kada kaya su ji masa ciwo, sai ga tampol a ninke.

Muka ɗaure gefe ɗaya a jikin dutse, muka tokare ɗayan da sandunan kiwo. Muka kwaso 'yan awakin duka, har da na cikin tantin. Ta hura wuta a bakin rumfar, hayaƙi na fita abinsa, muka yi ta goge su da ɗankwalinta. Ƙaramar cikinsu, da na riga na fid da rai da ita, ta yi atishawa ta miƙe. Na zauna a ƙasa cike da daɗi.

Sai da ta miƙo mini shayi mai gishiri na lura tana rawar sanyi.

"Ina bargonki?"

"Ka ce doki ba zai ɗauki ƙari ba. Na bar shi a gida."

Kwana uku tana kwanciya ba bargo, ni ina ta yabon zif. Na cire mayafina na ulu na lulluɓe ta.

"Je ka tantinka mana," ta ce.

Na matsar da wata 'yar akuya, na zauna kusa da ita.