Tukunya a kan eriya

Milisakan huɗu. Hasnawiah ta sake gwadawa, allon ya sake nuna huɗu.

Aikinta shi ne auna lokacin da saƙo ke ɗauka daga ofishinsu na birnin Makassar a Indonesiya zuwa tashar jiragen ruwa ta wani tsibiri mai nisan kilomita dubu. Gobe direban injin ɗaga kwantena zai fara tuƙa shi daga nan, yana zaune cikin sanyin AC. In ya taka birki, dole umarnin ya isa cikin milisakan talatin, in ba haka ba kwantena za ta ci gaba da saukowa. Yayanta Rola yana cikin masu tsayawa a ƙasa suna kama ƙugiya.

Pak Syarif, shugabanta a ofis, ya leƙo ta bayanta da kofin gahawa.

"Huɗu! Bu Hasna, ai har da rara. Sa hannu a takardar amincewa mu je mu sha farfesun coto, yunwa nake ji."

"Pak, haske kansa ba ya cin kilomita dubu a waya ƙasa da biyar."

"To namu ya fi haske sauri, sai me? Ke kullum sai kin nemo wa lafiya magani."

Ba ta yi dariya ba. Awon nan agogo biyu yake buƙata, ɗaya nan, ɗaya can, kuma dukansu tauraron ɗan'adam ne ke saita su. In ɗaya ya kauce, lambar ƙarya ce tsagwaronta. Ta kira mutanen tsibirin, suka ce nasu lafiya lau. Saura nata.

Ta hau rufin bene hawa bakwai da ƙafa, rana na dukanta. Ga eriyar agogon a inda ta kafa ta, amma an kife ta da tsohuwar tukunyar dalma, har da dutse a kai don kada iska ta ɗauke. Pak Tompo, dattijon da ke kula da ginin, ya biyo ta yana haki, fuskarsa cike da fara'a.

"Ni na rufe miki, Bu. Ruwan nan da ake ta yi, na ce kayan tsada ne, kada ya jiƙe. Yau sati uku ke nan."

Sati uku agogon bai ga sama ba, yana ta tafiyarsa shi kaɗai. Ta so ta yi ihu, amma wa zai yi wa mai kirki ihu? Ta ce ta gode, ta ɗauke tukunyar.

Sai da ta jira minti arba'in kafin agogon ya dawo hayyacinsa, tana zaune tana cizon farce. Ta gwada. Tasa'in. Ta sake, tasa'in da biyu.

Pak Syarif ya daɗe yana kallon allon, sannan ya rage murya.

"Manyan baƙin bikin buɗewa sun riga sun sauka, an kafa rumfa. Awon farko ma ai awo ne. Wa zai sani?"

Hasnawiah ta tura masa takardar da biron.

"Ga shi, Pak, sa naka hannun. Amma gobe da safe zan kira Rola ya matsa gefe, kai ka tsaya a wurinsa."

Ya dubi biron. Bai ɗauka ba.