Maganin Tela Mai Araha

Da hannun tela ya soma rawa, matarsa ce ta fara lura. Almakashi yana kauce wa layin alli, shayi yana zuba a kan teburin yanka. Likita ya ce ciwon Fakinsan ne, yanzu ya kunno kai, ya rubuta masa wasu ƙwayoyi masu araha.

Arahar ce ta tsaya mata a rai. Mijin yayarta ma ciwon ne gare shi, amma nasa maganin a kwali mai sheƙi yake zuwa, da tsadar tsiya.

"Takalmanka ya kalla kafin ya ɗauki biro," in ji ta. "Ya ga talaka, ya ba ka na talakawa. Araha ba ta ado, Maigida."

"Ke ko ruwa aka ba ki sai kin shinshina," ya ce.

Da safe ta nufi kantin magani. Tun ba ta rufe baki ba mai kantin ya sauko da kwalin mai sheƙi, yana washe haƙora.

"Mama, wancan ai tsohon yayi ne. Ga na zamani."

Saurin nasa bai yi mata ba. Ta fito hannu wofi, yanzu mutum biyu take zargi.

Ranar komawa asibiti ta riga mijin zama a kujera.

"Likita, tsakaninka da Allah, wanne za ka ba mahaifinka?"

"Wanda na ba mijinki. Ga mai shekarunsa ya fi sakin jiki, kuma za ku iya saye ba yankewa. Mai tsadar yakan sa barci da kumburin ƙafa. Mai arahar ma nan gaba yana iya sa jiki motsi da kansa, sai mu gyara yadda yake sha."

"To me ya sa aka ba mijin yayata?"

"Ban duba shi ba, ba zan yi shaidar zur ba."

Ta daɗe tana kallonsa, ba ta kama shi da komai ba.

A hankali tela ya koma kan kekensa. Hannun yakan yi rawa in ya ajiye shi a gwiwa, amma ɗinki yana fita. Ita kuwa ta kira yayarta, ta ce su tambayi nasu likitan dalilin ba su mai tsadar.

"Au, baƙin ciki kike yi don mun fi ƙarfin naku?" in ji yayar, ta kashe waya.

Sai da ƙaninsu ya shiga tsakani suka koma gaisawa.